Zumar da Mis Verlene Ba Ta Sha Ba

Wanda ya ba mu aronki ya karɓi abinsa. Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, Allah ya yi wa Mis Verlene Askew rasuwa a ƙofar gidanta da ke arewacin birnin Huntsville, tana da shekara sittin da huɗu. Ina zaune a teburina a sashen saye-saye lokacin da mijinta, Dattijo Cleon, ya kira ni. Muryarsa ba ta yi rawa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ya ce ta gama shiri kamar kullum, ta sa rigarta mai ruwan toka, ta rataya katin shaidar aiki a wuya, ta yi masa sallama ta fita. Da ya ji shiru, bai ji tashin mota ba, sai ya leƙa. Ya same ta zaune a kujerar direba, makulli a hannu, jakarta a kan cinya. Likitoci sun ce zuciya ce ta tsaya.

Aiki za ki tafi, Mis Verlene, kuma wannan ne abin da ya tsaya mini a rai har yau. Za ki tafi wurin da aka hana ki aiki, ki zauna a ɗakin da ba shi da taga, ki jira mutanen da suka shafa miki kashin kaji su zo su wanke sunanki. Kafin rana ta yi tsaka kamfani ya aiko mana da ɗan gajeren saƙo, wai mun yi rashin ɗaya daga cikin iyalinmu, wai duk mai buƙatar a lallashe shi ga lambar da zai kira. Na karanta, na rufe, na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Ba zan ɓoye ba, da fushi nake rubuta wannan ta'aziyya. Na san da kina nan da kin ce in sha ruwa in sake rubutawa, amma ba kya nan, kuma na san waɗanda suka sa ba kya nan.

Na fara saninki ne ranar da na kama aiki, ina budurwa mai rawar kai, ina ganin sayen kaya ai ba wani abu ba ne, tunda ina yi wa uwata cefane tun ina ƙarama. Ke ce shugabar masu kula da bin ƙa'ida a sashenmu. Kika zaunar da ni, kika sauke tabarau zuwa kan hanci, kika yi mini bayani dalla-dalla. Kamfaninmu sassan jiragen soja masu saukar ungulu yake haɗawa, kuma duk dalar da muka kashe ta gwamnati ce. Ko ƙusa za mu saya, sai an nemi farashi daga wurare daban-daban, an kwatanta, an rubuta dalilin da ya sa aka zaɓi wanda aka zaɓa. Bayan 'yan shekaru gwamnati takan turo masu bincike, su zaro fayil-fayil yadda suka ga dama. In sun gamsu, sai a ci gaba da harka. In ba su gamsu ba, sai a janye amincewa da tsarin sayenmu, a riƙe wani kaso na abin da ake biyan kamfani har sai an gyara.

"Yarinya," kika ce, "kuɗin nan ba na ubanki ba ne, ba kuma na uban mai kamfani ba ne. Na matar nan ne da ke soya kaza a bakin titi tana biyan haraji. In za ki kashe mata kuɗi, ki rubuta mata dalili. Abin da ba ki rubuta ba, a wurinmu ba ki yi shi ba."

Mun ji wannan magana daga bakinki har ta zame mana waƙa. Mukan kwaikwayi muryarki a ɗakin shan kofi, kina ji kina yin kamar ba ki ji ba. Kin sha maido mini da fayil ina kumbure-kumbure, na kuma sha zaginki a raina a kan hanyar komawa gida. Amma shekarar da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki a garin Decatur, ke ce kika kwashe aikina kika haɗa da naki ba tare da kin gaya wa kowa ba. Duk Asabar sai ga motarki a ƙofar gidanmu, da tukunyar dafaffen ganye da burodin masara a naɗe cikin tawul. Ba ki taɓa tambayata yaushe zan dawo ba. Kin dai ce, "Lenora, fayil ba ya mutuwa, uwa tana mutuwa. Zauna." Ranar da na dawo kuwa, fayil na farko da na kai miki sai da kika maido mini da shi, wai ban sa kwanan wata a shafi na biyu ba.

Haka kike da ƙananan masu kawo mana kaya, masu ƙananan maƙera a ƙauyukan da ke kewaye da mu, waɗanda tarin ƙa'idojin gwamnati ke firgita su. Ba ki taɓa jan ɗaya gefe kin raɗa masa komai ba. Sai dai ki nemi zaure, ki gayyace su duka lokaci guda, ki koya musu a bainar jama'a, don kada wani ya ce an fifita wani. Da yawa daga cikinsu ta dalilinki suka fara cin kwangila, kuma ba wanda kika sha ko ruwan sanyi a wurinsa. In za ki ziyarci masana'anta, da gorar ruwanki kike tafiya.

Wanda bai ga watan Disamba a sashenmu ba bai san Mis Verlene ba. Da zarar an shiga kakar Kirsimeti sai kyaututtuka su fara kwarara daga 'yan kasuwa: ƙyafaffen talotalo, kwandunan lemo, gwangwanayen alewa, huluna, kalanda, alƙaluma masu sunan kamfani. Dokar aiki ta yarda a karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dokarki ba ta yarda ba. Kina da tebur a bakin ƙofa, duk abin da ya shigo a nan zai sauka, kuma kafin mako ya ƙare ya koma inda ya fito. Mun sha zama muna haɗiyar yawu, ƙamshin talotalo ya cika ofis, ke kuwa ko gezau. Wani saurayin ɗan talla ya taɓa ce miki ai alƙalami ne kawai. Kika ce masa to tunda alƙalami ne kawai, ba zai yi masa nauyin ɗauka ba.

A cikin duk masu kawo kyauta, mutum ɗaya ne ya ƙi daddara, wato Mista Hollis Rainey. Tsoho ne dogo mai jan wuya, yana da 'yar maƙera a ƙauyen Gurley inda shi da ma'aikatansa 'yan kaɗan suke yi mana ƙananan ƙarafunan da ke riƙe wayoyin lantarki a jikin jirgi. A bayan maƙerar yana kiwon ƙudan zuma. Duk Disamba sai ya zo da kansa, ya dire kwalbar zuma a kan teburinki, ya cire hula, ya fita yana murmushi. Ranar Juma'a kuma bayan an tashi aiki sai ki sa kwalbar a kujerar gaba, ki tuƙa har Gurley ki mayar masa. Kin ƙi aikawa ta gidan waya, wai kwalba ce, za ta fashe. Na raka ki ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma kullum wasan iri ɗaya ne. Yakan fito yana goge hannu da tsumma, ki miƙa masa ta tagar mota ba tare da kin kashe inji ba.

"Haba, Mis Verlene," yakan ce, "ƙudan nan ba su da kwangila da gwamnati. Su suka aiko ni."

"To ka ce musu na gode, Mista Hollis. Maigidansu yana da ita."

"Kai, wannan mata da taurin kai! To ranar da kika ajiye aiki fa?"

"Ranar nan ka kawo babbar kwalba. Ni zan gasa burodin, kuma ba zan nemi cokali ba, da yatsa zan lasa."

Shekara da shekaru ana wannan, har gashinku ya yi fari ku duka biyu. Kuma kowa a sashen ya san cewa zumar ba ta taɓa saya masa komai ba. Kin sha hana shi kwangila saboda farashinsa ya fi na wani, ya kira ya yi ta faɗa, ya ce zuciyarki ƙarfe ce, Disamba na zuwa kuma ya sake kawo kwalbarsa. Ni dai a ganina, kwalbar nan ita ce hanyar da ku biyu kuka samu ta ce wa juna kuna girmama juna ba tare da kun karya doka ba. Kin taɓa gaya mini a mota cewa ba ki san ɗanɗanon zumar ba, amma kin san za ta yi daɗi, saboda kin daɗe kina jiranta.

Sai aka kawo mana Mista Dunaway a matsayin mataimakin shugaban kamfani. Mutum ne mai fararen haƙora da saurin magana, wanda bai taɓa shiga ɗaki ya fita bai duba agogo ba. Shi dai a fitar da kaya a kan lokaci, ko ta halin ƙaƙa. Yana da aboki a jihar Jojiya, abokin wasan golf, mai kamfanin ƙera ƙarafuna, kuma yana so a ba shi wani babban aiki ba tare da an nemi farashin kowa ba. Babban saye ba ya wucewa sai da sa hannunki, ke kuwa kin ƙeƙasa ƙasa kin ƙi. Sai ya bi ta bayan gida. Ya sa aka daddatsa aikin ƙanana-ƙanana, kowane yanki bai kai girman da zai zo teburinki ba. Da kika gano, kika tashi da ƙafarki kika same shi a ofis, ƙofa a buɗe, duk muna ji.

"Mis Verlene," ya ce, "jirgi muke haɗawa a nan, ba takarda ba."

"Na sani, Mista Dunaway. 'Ya'yan mutane ne za su hau shi, kuɗin iyayensu kuma aka kashe. Masu bincike za su ga wannan, tun daga bakin ƙofa za su ji warinsa."

Kin kai ƙara sama, aka ce an ji, za a duba. Ba a duba ba. Da bazara ta zo masu binciken gwamnati suka iso, suka zauna a babban ɗakin taro da kwamfutocinsu, suka fara zaro fayil. Abin da kika faɗa shi ya faru. Ba su sha wata wahala ba suka ga sayen da aka daddatsa, suka janye amincewa da tsarinmu, aka fara riƙe wa kamfani kuɗi. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suka yi, kuma sun yi shi daidai.

Amma a sana'armu akwai wata al'ada. Duk laifin da masu bincike suka gano, kamfani ne da kansa zai rubuta tushen matsalar da kuma matakin da ya ɗauka don gyarawa. Ba a barin gurbin nan a buɗe, dole a sa wani abu a ciki. Kuma wanda aka ɗora wa alhakin jagorantar rubutawar shi ne Mista Dunaway. Ba zai rubuta sunansa ba, ba zai rubuta na abokinsa ba. Sai aka fara neman abin da za a cike gurbin da shi, ruwa a jallo. A cikin fayil-fayil ɗin da aka zaro akwai biyu na maƙerar Mista Hollis masu 'yan ƙananan giɓi, irin waɗanda ake gyarawa kafin kofi ya huce. Wani mai neman gindin zama kuma ya tuna cewa duk Disamba ana ganin motarki a Gurley.

Shi ke nan, an samu tushen matsala. Aka rubuta cewa sa ido ya yi rauni a sashen saye-saye, domin shugabar masu kula da bin ƙa'ida tana da wata alaƙa ta kusa da wani ɗan kwangila wadda ba ta bayyana ba. Matakin gyara kuwa shi ne an janye ta daga aiki har sai an gama bincike na cikin gida, an kuma cire maƙerar daga cikin waɗanda aka yarda a saya a wurinsu. Ƙarar da kika kai a kan daddatsa saye, aka ce ita ma za a duba ta a cikin wannan binciken. Tafiyar da kika yi ta yi don mayar da kyauta, ita aka juya ta zama shaidar kina karɓa. Na daɗe a duniya, na ga rashin kunya iri-iri, amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

An ɗauko wani lauya daga waje ya zo yana yi mana tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na gaya masa da idona na gani, ina cikin motar, ba ki ko kashe inji. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce, "Kin ga ta mayar. To kin ga inda aka rubuta ta mayar?" Ba a rubuta ba. A shekarun farko kina kai rahoton zumar duk shekara, har lauyan kamfani na wancan lokaci ya yi dariya ya ce ki daina cika masa tebur da maganar ƙudan zuma. Kika daina. Shi kuma ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Da na zo miki ina huci a kan lauyan da ya yi mini tambayar, sai kika ce, "Kar ki ga laifinsa, 'yata. A wannan gaɓar gaskiyarsa ce. Ni na koya muku." Wannan amsa taki ta fi komai ƙona mini rai.

Ba su kore ki ba, don ba su da abin da za su kore ki a kai. Sai suka ba ki wani ɗaki a ƙarshen dogon baranda, inda a da ake ajiye tsofaffin kujeru, suka toshe miki hanyar shiga fayil-fayil, suka ce ki jira. Albashi yana shiga, aiki babu. Mutanen da kika koya wa aiki da hannunki suka koma sauya hanya in sun hango ki. Waɗanda kika kai wa miya lokacin da matansu suka haihu suka fara gaishe ki da ka, daga nesa. Har da masu ɗaga gira suna cewa mace da namiji shekara da shekaru, wa ya sani ko ba zuma kaɗai ba ce. Maganar ta kai har cocinku, ta shiga kunnen Dattijo Cleon, mutumin da ya yi shekara arba'in yana buɗe miki ƙofar mota. Na ga yadda ya rame.

An yi miki tayin ritaya ba sau ɗaya ba. Shekarunki sun kai, haƙƙinki cikakke ne, ba abin da za a rage miki. Likitan zuciya ya ce ki huta. 'Yarki Corinne ta zo daga Nashville ta durƙusa tana roƙonki. Ni ma na roƙe ki, ranar da na kawo miki abincin rana na same ki zaune, hannu biyu a kan tebur wanda ba komai a kansa, kina kallon bango.

"Lenora," kika ce, "in na tafi yanzu, abin da suka rubuta shi ne zai zauna. Jikokina za su ji cewa kakarsu ta ajiye aiki ana cikin bincikenta. Ni layi ɗaya nake jira, su rubuta cewa ba su same ni da komai ba. Ranar da suka rubuta, ko jakata ba zan tsaya ɗauka ba."

Kullum da safe kina zuwa a kan lokaci, da rigar da aka goge, da katinki a wuya. Bazara ta wuce, kaka ta wuce. Duk lokacin da kika tambaya sai a ce bincike yana tafiya. Disamba ta zo, karo na farko ba a ga kwalbar zuma a sashenmu ba, domin an gargaɗi Mista Hollis kada ya kuskura ya tuntuɓe ki. Shi ma lokacin ya sallami rabin ma'aikatansa, tunda mu ne manyan masu sayen kayansa. Teburin bakin ƙofa kuwa an ɗauke shi. A shekarar nan an ci talotalo a ofis har an kai gida.

A watan Fabrairu masu binciken gwamnati suka dawo, suka sake dubawa, suka maido mana da amincewarsu. An daina daddatsa saye a asirce kamar ba a taɓa yi ba, abokin golf ya gama cin nasa ya koma Jojiya. Waɗanda suka gyara tsarin mu ne, yaranki, kuma da abin da kika koya mana muka gyara shi. Aka sayo ƙaton kek, aka tara mu, Mista Dunaway ya yi jawabi a kan gaskiya da riƙon amana, aka tafa masa. Ba a gayyace ki ba. Ɗakinki bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin taron, don haka na san kin ji tafin. Na kawo miki yanki a faranti, kika ce in mayar, ba kya jin yunwa.

Kwana biyu bayan rasuwarki na je ofishin kula da ma'aikata, na tambayi matar da ke wurin ina aka kwana a maganar bincike. Ta duba kwamfuta, ta yi ƙasa da murya, ta ce an rufe. Murna ta kama ni, na ce to me aka samu. Ta ce ba a samu komai ba, ba a kuma rasa komai ba. Ƙa'ida ita ce in wanda ake bincika ya daina zama ma'aikaci, sai a rufe ba tare da an yanke hukunci ba. Layi ɗayan nan da kika ba da ranki kina jira, sun ce yanzu babu wanda za a rubuta wa shi. Da yamma na je na gaya wa Dattijo Cleon, don bai kamata ya ji a bakin wani ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode.

Ranar Asabar aka yi jana'izarki. Coci ya cika har waje, kuma rabin mutanen masu ƙananan maƙeran nan ne, sun zo da kwat ɗin da ba su saba sawa ba. Kamfani ya aiko da wasu furanni masu tsayin mutum, da ƙyalle mai ruwan zinariya an rubuta sunan kamfanin da manyan baƙaƙe, har sun fi na sunanki girma. Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a zauren cin abinci na coci, ga soyayyen kifi, ga kaza, ga ganye, ga shayi mai ƙanƙara. Corinne ta gasa irin burodinki mai man shanu, ta jera a tire. Mista Dunaway ya zo, ya bi layi, ya kama hannun Dattijo Cleon da hannu biyu yana cewa rashi ne na kowa da kowa.

Dattijo ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Mista Dunaway, da babbar mota ka zo?"

Ya ce e, da ita ya zo.

"Madalla. To ka sa a ɗora maka furannin can a baya. Matata ba ta karɓar kyauta daga hannun wanda magana ba ta ƙare tsakaninta da shi ba."

Dattawan coci biyu suka tashi ba tare da an ce musu komai ba, suka ɗauki furannin suka yi waje da su, shi kuma ya bi bayansu, kunnuwansa sun yi ja. Ba zan yi ƙarya ba, na ji sanyi a raina, kuma na ɗauka a nan abin zai tsaya.

Sai ga Mista Hollis ya taso daga can ƙarshen zaure inda ya rakuɓe tun da aka shigo. Yana rungume da wata babbar kwalba a ƙirji, irin wadda ake jiƙa kayan tsami a ciki, cike da zuma har wuya. Ya zo gaban tebur ya dire ta kusa da tiren burodi, ya cire hula. Duk wanda ya san labarin ya fara share ido. Corinne ta jawo kwalbar, ta kama murfin za ta buɗe. Mahaifinta ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Hollis," ya ce, "yaushe ta ce maka za ta sha?"

"Ranar da ta ajiye aiki, Dattijo."

"To ba ta ajiye ba. Da katinta a wuya na same ta." Ya ɗauki kwalbar da hannu biyu ya miƙa masa. "Ba ta taɓa zaɓen kyautar wa za ta mayar ba, ni ma ba zan fara zaɓa mata yau ba. Ka ajiye a wurinka, ɗan'uwa. Ranar da suka rubuta cewa matata ba ta ci komai na kowa ba, ka kawo, ni da kai mu zauna mu lasa da yatsa."

Mista Hollis ya karɓa. Ya dubi kwalbar ya ce, "Zuma ba ta lalacewa, Dattijo, za ta jira. Ni ne dai ban san ko zan kai ranar ba." Ya sa hularsa ya fita da ita a rungume kamar yadda ya shigo. Burodin Corinne haka ya huce a tire, ba wanda ya iya taɓawa.

Mis Verlene, kin koya mini cewa abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. To ga shi na rubuta, da sunana, Lenora Tibbs, mai sayen kaya a sashenki. Na ga kin mayar. Na gani da idona, shekara bayan shekara, ta tagar mota, inji yana aiki. Na san wannan ba shi ne layin da kike jira ba, kuma na san ba za a sa shi a fayil ɗinki ba. Waɗanda suka yi miki wannan, ban kai matsayin yi musu addu'a ba tukuna. Ke da kin yi, ni sai dai in ce Allah yana gani, kuma a wurinsa ba a rufe bincike don mutum ya mutu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dattijo Cleon Askew, da Corinne da mijinta da 'ya'yansu, da 'yan'uwanki na Decatur da Athens, da jama'ar cocinku, da 'yan sashenmu waɗanda suka tsaya da waɗanda suka sauya hanya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sanyaya muku zuciya, ya tsare muku mutuncin gidanku. Allah ya jiƙanki, Mis Verlene, ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki da hannun rahama, ya ba ki hutun da kika ƙi karɓa a hannun mutane. Ya sa ki a ɗaki mai faɗi da haske, inda ba wanda zai ce ki jira. Ya kuma ara wa Mista Hollis tsawon kwana, har ya ga ranar da za a buɗe kwalbar nan. Amin.